Sharhi: Faifan gwajin maleriya na minti 15, da kwastoman da ya riga ya yanke hukunci

Duk wanda ya taɓa zaman benci a kyamis cikin watan Agusta ko Satumba ya san wannan zancen. An soki yatsa, an ɗiga jini, an jira, layi ɗaya ya fito. Mai shago ya ce, "Malam, babu maleriya." Malam ya gyara zama ya ce, "Dakta, ni na san jikina. Ka dai yi mini allurar." Wannan sharhi a kan ɗan faifan robar nan ne da ma'aikatan lafiya ke kira RDT: abin da ke cikin kwalinsa, yadda ake aiki da shi, inda yake tuntuɓe da gaske, da inda matsalar ba tasa ba ce, ta mai ƙi-faɗi ce.

Hukunci tun daga farko: kaya ne mai kyau, mai sauƙin koyo, kuma galibi kuɗinsa bai kai na cikakken maganin maleriya mai inganci ba. Ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina ba da maganin maleriya bisa zato, a tabbatar da ita tukuna da madubin likita ko da wannan faifai. Amma kaya ne mai son a bi ƙa'idarsa daidai, kuma yana da iyakoki uku ko huɗu da ya kamata mai sayarwa ya faɗa da bakinsa kafin mai gardama ya riga shi.

Kwalin da aka fi gani a asibitin sha-ka-tafi da shagunan magani gwaji 25 ne a ciki. Kowane faifai yana cikin ledarsa mai ƙyalli a like, tare da ɗan ƙunshin garin da ke tsotse danshi. Akwai kwalbar ruwan gwaji ɗaya, tsinkayen sukar yatsa, audugar sifirit, da 'yan sandunan roba na ɗibar jini, wasu bakinsu kamar kofin da aka kife, wasu kamar zobe, wasu kamar tsinken shan lemo. Safar hannu da agogo da kwalin zubar da allura kai za ka nemo. SD Bioline da CareStart da First Response suna cikin sunayen da aka saba gani. Yawancinsu abu ɗaya suke farauta, wani sinadarin furotin mai suna HRP2 da ƙwayar falsifarum ke fitarwa, ita ce kuwa ke jawo fiye da tara cikin goma na maleriyar Najeriya da Nijar.

A cikin faifan wata siririyar takarda ce. Ruwan gwajin yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, ya kwashi abin da ke ciki ya bi takardar da shi. In akwai HRP2, wani sinadari mai launi zai maƙale masa, su tafi tare har su isa inda aka rubuta T, nan a cafke su, layi ya bayyana. Layin da ke wurin C kuwa shaida ce kawai cewa ruwan ya bi takardar har ƙarshe. Saboda haka layi biyu, akwai maleriya. Layin C kaɗai, babu. In C bai fito ba, ko me T ya nuna gwajin ya lalace, a jefar a ɗauko sabo.

Aikin kansa bai kai minti biyu ba, jiran ne mai tsawo. A duba ranar ƙarewar aiki a jikin ledar. Kada a yage ta sai an shirya, domin danshin damina yana lalata takardar. A rubuta sunan mai shi a jikin faifan, musamman ranar da layi ya yi tsawo kuma faifai biyar suna jere a kan tebur. A goge gefen kan yatsan da ke bin ƙaramin yatsa, a bari sifirit ya bushe, sannan a soka. Jariri a dunduniya ake sukarsa. Jinin da ake so maikirolita 5 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na ɗigon ruwa. A sa shi a ƙaramin ramin, a riƙe kwalbar a tsaye a ɗiga ruwan a babban ramin, a ajiye faifan a shimfiɗe, a duba agogo.

A nan ake yawan zamewa, domin kamfanonin ba su daidaita ba. SD Bioline ɗigo 4 yake so, a karanta bayan minti 15, kada a wuce minti 30. CareStart ɗigo 2, a karanta a minti 20. Ma'aikacin da hannunsa ya saba da ɗaya, in aka canza masa kwali bai karanta takardar ciki ba, zai yi ta ɓata gwaji yana zargin kamfani.

Kuma kowane kuskure yana da irin ƙaryar da yake haifarwa. Jini ya yi yawa, tagar faifan ta yi jawur, layin T mai dishi-dishi ya ɓace a ciki, a ce babu alhali akwai. Ruwan ya yi kaɗan, jinin ya tsaya a rabin hanya. An karanta a minti biyar saboda mai shi yana sauri, layin bai gama fitowa ba. An bar faifan awa guda a kan kanta, jinin ya bushe ya ja da baya ya bar wata inuwa a wurin T, wani ya zo ya ce ai ga ta nan. Mafi muni shi ne ruwan gwaji ya ƙare a maye gurbinsa da ruwan leda, ko ruwan allura, ko kwalbar wani kamfani. Wannan yana iya fito da layi biyu ga mutumin da ba shi da komai. Layi mai dishi-dishi da ya fito cikin lokacinsa kuwa, komai rashin ƙarfinsa, maleriya ce. Duhun layi ba ma'aunin tsananin ciwo ba ne.

Sai zafi. Yawancin kwalayen an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 40, wasu ma 30. Shagon kwano a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu yana wuce haka da rana. Kwalin da ya kwana uku a bayan mota, ko ya yi bazara a saman kanta kusa da rufi, ba abin dogaro ba ne ko da ranarsa ba ta cika ba. A ajiye shi ƙasa-ƙasa, nesa da bangon da rana ke duka. Dabarar sanyaya kaya ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa Mohammed Bah Abba ya sami lambar yabo ta Rolex a kanta a 2000, tana aiki a nan ma, muddin an sa kayan cikin robar da ruwa ba ya shiga. Firiza kuwa a'a, ƙanƙara tana kashe shi.

Inda shakka take da gaskiya

Ko an yi komai daidai, faifan yana da inda ƙarfinsa ya tsaya. Na farko, HRP2 ba ya fita daga jini ranar da ƙwayar ta mutu, yana iya yin mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Wanda ya gama magani makon jiya ya sake gwaji zai ga layi biyu, ya ce maganin jabu ne, alhali ya warke. Ba a auna warkewa da RDT, madubin likita ake nema. Binciken maleriya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2021 ya nuna tazarar: a yara 'yan wata 6 zuwa 59, madubi ya ga ƙwayar a kashi 22 cikin 100, faifai kuwa ya nuna layi biyu a kusan kashi 40. Wato a ƙasarmu faifan ya fi karkata ga cewa akwai. Masu kukan cewa ba ya kamawa su riƙe wannan.

Na biyu, in ƙwayar ta yi ƙaranci ƙwarai a jini yana iya tsallake ta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gwada kayan kamfanoni da jini mai ƙwaya 200 a maikirolita ɗaya, ba ta amincewa da wanda makinsa bai kai 75 cikin 100 ba a wannan ƙarancin. In ƙwayar ta kai dubbai, kamar yadda aka saba gani a yaron da maleriya ta kwantar, masu kyau da wuya su kuskure. Na uku, faifan HRP2 kaɗai ba ya ganin sauran dangin ƙwayar. Na huɗu, akwai falsifarum da ta daina fitar da HRP2 ɗungurungum. An fara ba da rahotonta a Peru a 2010, ta yi yawa a Eritiriya har ƙasar ta sauya irin faifan da take amfani da shi. Ƙa'idar hukumar ita ce a sauya idan irin wannan ƙwayar ta sa ana kuskuren kashi 5 cikin 100 na masu ciwon.

A lura da yadda aka gano wannan ta ƙarshe. Ma'aikata ne suka ga faifai yana cewa babu, madubi yana cewa akwai, suka rubuta, suka tura jini aka bincika, aka canza kaya. Su ma ba su yarda da faifan ba, amma sun kawo abin da ya fi shi ƙarfi, kuma da binciken ya wanke faifan da sun koma aiki da shi. Wannan ita ce shakka.

Inkari wani abu ne daban. Mai shakka yana da abin da in ya gani zai sauka. Mai inkari ya riga ya zauna a kan amsarsa, hujja ce ke zuwa tana tarar da shi, duk wadda ta zo ya sama mata ƙofar fita. A 2009 wasu masana lafiyar al'umma biyu, Pascal Diethelm da Martin McKee, sun lissafa alamomi biyar da ake gane shi da su. A kan taba sigari da ƙanjamau da sauyin yanayi suka yi magana, amma duka biyar ana jin su a bakin kanta.

Akwai zargin makirci: gwamnati ce ta kawo faifan don ta rage raba magani. Akwai jabun masana: wani da ya yi shekara ashirin yana allura a unguwa ya ce abin ba ya aiki, maganarsa ta rinjayi gwajin da aka yi wa dubban samfura. Akwai tsince-tsince: ana tuna mutum ɗaya da faifai ya ce babu daga baya aka kwantar da shi, an manta da ɗari da aka ce babu suka warke daga murarsu cikin kwana uku. Akwai sharaɗin da ba ya cikuwa: tunda yana iya kuskure ko sau ɗaya, to ba shi da amfani, ma'aunin da ba a taɓa ɗora wa tafin hannun da ake dafa goshi da shi ba. Sai murɗa zance, wadda ta fi kowacce kama hankali: "Na sha maganin na warke, ashe maleriyar ce." Yawancin zazzaɓin mura da kansa yake sauka cikin 'yan kwanaki. Ko me aka sha a rana ta biyu, shi zai karɓi godiya a rana ta huɗu.

Babbar alamar dai ita ce yadda ake karɓar sakamakon. In layi biyu ne, faifan gwani ne, ba wanda ke tambayar ranar ƙarewarsa. In layi ɗaya ne, sai a tuna maleriyar ta ɓuya a ƙashi, ko irin tasa ba ta fitowa a gwaji. Wanda ya yarda da sikeli ranar da ya ba shi riba kaɗai, ba da sikelin ya yarda ba.

Kada a ɗauka ciwon marasa ilimi ne. Wani bincike da aka buga a 2007 daga asibitocin Tanzaniya ya sami cewa sama da rabin waɗanda gwaji ya ce ba su da maleriya an rubuta musu maganinta duk da haka, kuma ma'aikatan lafiya ne suka rubuta. Dalilan a fili suke. An horar da tsofaffin ma'aikata a zamanin da ake cewa duk zazzaɓi maleriya ne har sai an ga akasin haka. Sallamar uwa da farasitamol kaɗai tana da nauyi, ga tsoron kada yaron ya rikice cikin dare a ce kai ne. A kyamis kuma akwai lissafin aljihu: layi ɗaya yana nufin ba a sayar da magani ba, ba a yi allura ba, kuma Hajiya za ta tsallaka shagon gaba inda ba a musa mata. Wani ma'aikacin kamfanin taba na Brown & Williamson a Amurka ya rubuta a wata takardar cikin gida a 1969 cewa shakka ita ce hajarsu. Mai kyamis bai kai nan ba, amma shi ma ba ya asara in kwastoma ya raina faifan.

Inda abin yake kaiwa in ya hau kujerar mulki, Afirka ta Kudu ta gani. Shugaba Thabo Mbeki ya yi ta tababar cewa ƙwayar HIV ce ke jawo ƙanjamau, ya sa masu musun haka irin su Peter Duesberg cikin kwamitin ba shi shawara a 2000, ministar lafiyarsa Manto Tshabalala-Msimang tana tallar tafarnuwa da lemon tsami. Masu bincike na jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa jinkirin raba magani ya ci rai sama da 330,000 tsakanin 2000 da 2005. Ta nan gida kuwa darasin ya ɗan bambanta. Ƙin rigakafin shan inna a Kano a 2003 bai faɗo daga sama ba, mutane suna tuna gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a lokacin sanƙarau na 1996, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tsoron yana da tushe, zargin da aka yi wa ɗigon ne ba shi da shi, kuma kafin a koma rigakafi a Yulin 2004 cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Mai yi wa mutum bayanin faifai ya san cewa wani lokaci ba da faifan ake gardama ba, da tarihin wanda ya kawo shi ake yi.

Abin da ake asara in an ƙi layi ɗaya ba kuɗin magani ba ne kawai. Ciwon da ke jikin yana nan ba a neme shi ba. Wani bincike a Tanzaniya da aka buga a 2014 ya bi yara 1,005 masu zazzaɓi, ya sami kusan kashi 62 cikin 100 ciwon hanyar numfashi ne, maleriya kusan kashi 10. Tanzaniya ba Kebbi ba ce, inda binciken 2021 ya ga ƙwayar a kusan rabin yara, amma ko a Kebbi zazzaɓin watan Maris ba na Satumba ba ne. In faifai ya ce babu, a ƙirga numfashin yaro na minti guda cur: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar nimoniya ce. A duba kunne da maƙogwaro, musamman tunda mashaƙo ya dawo Kano da maƙwabtanta daga ƙarshen 2022. A duba wuya ko ya sanƙare, a duba ƙuraje, a tambayi fitsari. In ba a ga komai ba, farasitamol da ruwa, a dawo bayan kwana biyu in zazzaɓin bai sauka ba, a sake gwaji ko a je madubi. Jijjiga, ko suma, ko aman duk abin da aka ci, ko kasa shan nono, waɗannan asibiti ne nan take, ko layi nawa ya fito.

Mafakar da aka fi gudu zuwa ita ce taifot. Faifai ya ce babu maleriya, sai a yi gwajin taifot da ake kira Widal, a fito da takarda mai lambobi, a haɗa wa mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako guda. Widal guda ɗaya a wurin da mutane suka saba cuɗanya da ƙwayar yana nuna akwai ga masu lafiya da yawa. Abin mamaki, shi ba a cika yi masa gardama ba, ƙila don ba ya sallamar kowa hannu wofi.

In kuwa layi biyu ne, a ba da cikakken magani mai haɗi biyu. Ga babba mai kilo 35 zuwa sama, atemita da lumefantirin na 20/120 ƙwaya 24 ne, huɗu-huɗu sau biyu a rana har kwana uku, sha na biyu bayan awa 8 da na farko, tare da abinci mai maiƙo ko madara. Allurar atemita ita kaɗai ga wanda ke iya haɗiyar ƙwaya ɓarna ce, kuma irin wannan wasa da magani yana cikin abin da ke koya wa ƙwayar jurewa. An riga an tabbatar da alamun haka a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Layi biyu kuma bai hana wani ciwon zama tare da ita ba.

Senegal ta nuna abin da faifan ke iya yi in an bi shi. Ta shigo da shi asibitocin gwamnati a 2007, zuwa 2009 rabon masu zazzaɓin da ake ba maganin maleriya ya sauko daga kusan kashi 73 zuwa kusan 32 cikin 100.

Dabarar da ta fi aiki a bakin kanta ita ce a yi yarjejeniya kafin a soki yatsa. "Hajiya, in layi biyu ne zan ba ki maganin maleriya. In ɗaya ne za mu nemi abin da ke damun yaron, in jibi bai sauka ba ki dawo mu sake. Kin yarda?" A ajiye faifan a gabanta, a nuna mata C da T, ta ga agogo da idonta. Mai shakka wannan yana isarta. Wanda ya ce ko me ya fito shi dai allura yake so, ya riga ya faɗi cewa gwajin ba zai canza komai ba, gara a yi masa maganar a fili da a ɓata faifai a kuma sayar masa da abin da faifan ya hana.

Wajen saye, a duba lambar NAFDAC a Najeriya, a duba ranar ƙarewa a jikin kowace leda ba a kwali kaɗai ba, domin ledoji daga kwali daban-daban suna cakuɗewa a aljihun tebur. Ledar da ta huje ko ta kumbura a jefar. Babban aibin kwali mai 25 shi ne kwalbar ruwa ɗaya tal: in ta zube, ko ta ɓata, ko an yi ta ɗiga fiye da ƙima, sauran faifan sun zama shara. Ga ƙaramin shago da ba ya gwaji kullum, irin wanda ake ƙunshe kowane faifai da ɗan ruwansa da tsinkensa a leda ɗaya ya fi dacewa, ko da ya ɗan fi tsada.